Inda Za a Sa Zarto

Ranar da Yaya, wan mijinta, ya zo da maganar, Mai Keke tana bakin kekenta na ɗinki tana yi wa wata riga kalmasa. Bai ko zauna ba. Ya leƙa ɗakin ƙaninsa, ya fito yana girgiza kai, ya tsaya a tsakar gida.

"Gobe da safe zan zo da mota," in ji shi. "Zan ɗauke shi ya koma wurina. Injin nan na shago kuma na samu mai so, zai biyo ni ya kwance shi."

Mai Keke ta tsayar da ƙafarta. "Wane injin, Yaya?"

"Inji nawa gare ku? Na lanƙwasa ƙarfe mana. Yana nan tsatsa na cin sa."

"Mai shi bai mutu ba."

"Ban ce ya mutu ba, kar ki sa mini magana a baki. Amma mutumin da ba ya iya zuwa bayi da ƙafarsa, me zai yi da inji? Ke kaɗai ce, ga yara, ga ɗinki. A gidana akwai masu ɗaga shi su kwantar."

"Su ɗaga shi su kwantar," ta ce. "Kamar buhu. To ni ba kwanciya nake nema masa ba, tashi nake nema masa."

"Da bakinki zai tashi?"

"Da ikon Allah zai tashi. Ka zo goben."

Yaya ya ce zai zo, ya fita. Ba mugun mutum ba ne, ita ma ta san haka. Kawai dai tun suna yara ya saba yanke wa ƙaninsa magana, kuma bai taɓa jin an ce masa a'a a gidan nan ba.

Mijinta, Mai Ƙarfe ake ce masa a layin. Shagonsa na manne da gidan, ƙofa ɗaya a titi, ɗaya ta ciki. Kujerun makaranta, gadon asibiti, hannun matakala, duk abin da ake yi da bututun ƙarfe yana yi. A shagon ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Da aka sallamo shi daga asibiti, mai gashin ƙashi ta ce ƙafar za ta dawo in ana takawa, hannun ma ya fara kama cokali. Ta ce a nemo masa madogari mai ƙafa huɗu, irin wanda mutum zai riƙe da hannu biyu ya tura gaba. An aro wani wajen maƙwabta, na wata tsohuwa ne gajeriya. Ya kama, ya duƙa kamar mai neman allura a ƙasa, ya kalli kansa a gilashin taga, ya ture abin. Tun ranar ya juya fuska bango. Ba ya magana, ba ya gwadawa. Sai abinci in an matsa masa, sai salla a kwance.

Mai Keke ta naɗe rigar ta ajiye, ta rataya tef ɗin awonta a wuya, ta buɗe ƙofar shago.

Ƙura ta rufe komai. Injin na nan a tsakiya, an ɗaure shi da noti a ƙasa: faranti ne mai kauri mai kwari a gefensa inda bututu ke kwanciya, da dogon hannu da ake ja. Ta sha ganin yana aiki da shi in ta kawo masa ruwa, amma ba ta taɓa sa masa hannu ba. Ta bi jikin bango tana ɗaga bututun da suka rage. Wannan nauyi, wannan nauyi, wannan duk ya rube. Can sama kan ƙusa ta hango wani fari mai sheƙi, ragowar aikin gadon asibiti. Ta hau benci ta sauko da shi. Ba nauyi, ga ƙwari. Shi kaɗai ne irinsa.

Jin motsi ya sa Mai Faci leƙowa. Rumfarsa ta facin taya na bakin shagon, shekara da shekaru suna tsokanar juna da Mai Ƙarfe.

"A'a, matar oga, yau ɗinkin ƙarfe za a yi? Wace allura za ki sa?"

"Wadda zan ɗinke bakinka da ita. Zo riƙe mini nan."

Ya riƙe bakin tef, ta ja. Inci ɗari da hamsin da huɗu.

Awon mijinta kuwa ba sai ta je ta gwada ba, ita ke ɗinka masa wando tun aurensu. Daga ƙasa zuwa wuyan hannunsa in yana tsaye sosai, inci talatin da biyu. Ta zana a ƙasa da allin ɗinki: ƙafa ta hau talatin da biyu, wurin riƙewa ya miƙe sha shida, ƙafa ta sauka talatin da biyu. Ta haɗa da yatsu. Tamanin. Gefe biyu ake so, dama da hagu. In aka raba bututun biyu, kowane gefe saba'in da bakwai zai samu.

"Uku babu," ta ce. "Kowane gefe uku babu. Ban ma sa na kalmasa ba."

"Ƙarfe ake wa kalmasa?" Mai Faci ya yi dariya. "Ki rage tsawon ƙafafun mana. Inci ɗaya da rabi nan, ɗaya da rabi can, wa zai gani?"

"Shi zai gani. Duƙawar nan ce ta kwantar da shi. Ba zan yi masa abin da zai sake duƙa masa ba."

"To ki yanke ɗaya cikakke, ɗayan a yi masa ƙari da guntu. Ni da faci nake ci da iyalina, ban ga aibunsa ba."

"Ka taɓa ganin ya yi wa ƙafar kujera ƙari?"

Mai Faci ya sosa ƙeya. "Ya ce wurin ƙari nan ake karyewa. Amma dai na sha jin yana faɗa wa masu kawo aiki wai kwanar da ake lanƙwasawa na da nata lissafi."

Ita ma ta sha ji. Abin da ba ta sani ba shi ne, kwanar ƙara tsawo take nema ko ragewa, kuma da nawa. Wanda ya sani yana kwance a ɗaki, bango biyu tsakaninsu.

Ta yi la'asar, ta daɗe a kan sallaya. Da ta shafa, ta saɓa bututun a kafaɗa, ta ɗauki zarto da kujerar katako, ta nufi ɗakinsa. Sai da ta karkata bututun kafin ya shiga ƙofa, bakinsa ya daki bango ya yi ƙara. Mai Ƙarfe bai juyo ba.

"Baban yara, ka ji abin da Yaya ya ce. Na san ka ji, kunnenka lafiya lau."

Ta ajiye kujerar a gefen gado, ta ci gaba.

"Madogari zan yi maka daidai tsawonka. Bututu ɗaya ne, farin nan na kan ƙusa. Awona ya ce tamanin kowane gefe, shi kuma bai kai ba. Faɗa mini yadda ake lissafin kwana."

Ya ja mayafi ya rufe kunne da hannunsa mai lafiya.

Ran Mai Keke ya ɓaci, amma ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗora bututun a kan kujera, ta take shi da ƙafa, ta auna tamanin da ƙarfi yadda zai ji, ta ja alli.

"To shi ke nan. Zan yanka a tamanin. Ɗaya gefen Mai Faci ya ce zai yi masa ƙari da guntun bututun ruwa, ya ɗaure da roba. In ya karye da kai, ka faɗi a gaban yayanka, sai ya kwashe ka da hujja. Bismillahi."

Ta ɗora zarto ta ja. Ba wasa take ba, haƙoran suka kama ƙarfe, ƙarar ta cika ɗakin. Ta sake ja.

Kofin ruwan da ke gefen gado ya wuce ta gefen kunnenta ya bugi ƙofa.

Ta ɗago. Ya juyo gaba ɗaya, ya dogara da gwiwar hannu, idonsa ja. Rabonta da ganin fuskar nan sosai har ta manta.

"Au, kana nan ashe," ta ce. "Sannu da zuwa."

Ya miƙo hannun hagu yana kaɗa yatsu. Ta ɗauka zarton yake so, ya ture. Allin yake so. Ta sa masa a hannu, ta tallafe shi ya zauna a bakin gado, ta jawo faranti na tangaran da take kawo masa abinci ta kife a cinyarsa. Ya share shi gefe, ya nuna ƙasa. Sai ta sa kafaɗarta a hammatarsa ya sunkuya.

Da hannun hagu, layin na karkacewa, ya zana kusurwa a siminti, tsaye da kwance, kamar gefen ƙofa. Ya buga ta da alli, ya nuna Mai Keke.

"Lissafina ke nan," ta ce. "Na gani."

Sai ya zana wani layi mai lanƙwasa daga cikin kusurwar, ya taso daga layin tsaye ya faɗa na kwance bai taɓa tsinin ba. Ya buga shi, ya nuna ƙirjinsa.

Ta tsura wa zanen ido. Ya bi kusurwar da yatsa a hankali, har tsini, ya juya. Ya bi lanƙwasar, fit, ya iso.

"Bututun ba ya zuwa har tsini," ta ce a hankali. "Yanke hanya yake, kamar yaran nan in an aike su, ba sa bin kwanar layi sai su ratsa ta filin mai wanki. Ke nan kwana ragewa take, ba ƙari ba."

Ya lumshe ido, ya gyaɗa kai.

"Da nawa?"

Ya buɗe baki. Maganar ta tsaya a maƙogwaro, sai wani gurnani da ya fito. Ya sake gwadawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya dunƙule hannu ya daki katifa, ya fara juyawa zai koma bango.

Ta riƙe kafaɗarsa. "A'a. Can ka gama da shi. Ba sai ka faɗa ba, ni zan auna, kai ka ce e ko a'a. Wuyan riga nake aunawa kullum, shi ma ai lanƙwasa ne."

Ta fita da sauri, ta dawo da Mai Faci yana nishi, ya kwanto farantin injin ya rungumo shi kamar jariri.

"Oga, ka ga abin da matarka ta mai da ni? Ɗan dako. Ka tashi ka karɓi shagonka tun ba ta sa ni ɗinki ba."

Gefen bakin Mai Ƙarfe mai lafiya ya ɗan motsa.

Aka ajiye farantin a ƙasa. Mai Keke ta tsayar da tef a kan gefensa, yadda take yi in za ta auna wuyan riga, ta kwantar da shi cikin kwarin, ta bi rubu'in da'ira. Kafin ta karanta ya buge mata hannu.

"To, ba cikin kwari ba. Ta waje?" Ta sa guntun bututu a kwarin, ta bi bayansa.

Ya sake buge hannun. Ya karɓi guntun, ya nuna cikin kwana ya matse yatsu, ya nuna bayan kwana ya buɗe su. Sannan ya ɗora yatsa ɗaya a tsakiyar bututun, ya bar shi a nan.

"Ciki na tattarewa, waje na miƙewa," in ji Mai Keke. "Tsakiya ce ba ta canzawa. Haka bakin hannun riga yake yi mini in na sa masa igiya. Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini aikinmu ɗaya ba?"

"Tsoro yake kar ki ƙwace masa masu kawo aiki," in ji Mai Faci.

Ta auna daga cibiyar faranti zuwa tsakiyar bututu, inci huɗu. Ke nan a lissafinta na kusurwa, kwana ɗaya ta ci huɗu a tsaye, huɗu a kwance, takwas. Ta bi lanƙwasar ta tsakiya da tef a tsaye, shida da kwata. Ta ƙirga a yatsu, ta sake ƙirgawa.

"Kowace kwana ta mayar mini da ɗaya da kwata uku. Kwana biyu, uku da rabi. A cire daga tamanin." Ta tsaya. "Saba'in da shida da rabi. Baban yara, ya isa. Har da rarar rabin inci."

Ya kalle ta irin kallon da yake wa mai koyo in ya daɗe bai gane ba, ya miƙa mata allin.

A ɗakin aka ja duk layukan, yana kallo. Ashirin da takwas na ƙafa, nan kwana za ta fara. Shida da kwata. Takwas na wurin riƙewa. Shida da kwata. Ashirin da takwas. Sau ɗaya ta ja layi ya kauce, ya yi gyaran murya, ta goge da yawu ta sake. Sannan ta raba bututun biyu a saba'in da bakwai. Tsagar da ta fara yi a tamanin ta faɗo kusa da ƙasan ƙafar gefe na biyu, ba ta yi zurfi ba. Ya shafa ta da babban yatsa, ya harare ta.

"Kai ka jawo," ta ce. "Da ka juyo tun farko da babu ita."

Jan hannun injin ba ƙaramin aiki ba ne. Ita da Mai Faci suka rataya a kai, bututun na kuka yana bin farantin. Kwanar farko da suka saki sai ta ɗan buɗe, ta koma baya. Mai Keke ta ɗauka ta kai ɗaki, ya nuna mata da hannu a ƙara ja kaɗan ya wuce, ƙarfe na komawa. Ta dawo suka ƙara. Haka ta yi ta zirga-zirga tsakanin shago da ɗaki, kowace kwana sai ya gani. A ta ƙarshe ƙarfinta ya zo ɗaya da haushin Yaya, ta ja har ta ɗan zarce. Wannan ba ta kai masa ba. Mai Faci ya huda ramuka, suka haɗa gefe biyun da sanduna da noti, ya yanko robar tsohuwar taya ya sa wa ƙafafun takalmi. Ana kiran magariba madogari na tsaye a tsakar gida.

Washegari da hantsi mota ta tsaya a ƙofar shago. Yaya ya sauko, dillali na biye da shi da jakar sifana. Suka tarar da ƙofa a buɗe, an share ƙasa, Mai Keke na zaune a kan benci a gaban injin, hannunta a naɗe.

"Ina kwana, Yaya. An zo lafiya?"

"Lafiya. Kin haɗa masa kayansa?"

"Ban haɗa ba."

Dillali ya zagaya zai duba notin ƙasa. Ta miƙa ƙafa ta tare hanya. "Malam, ba a taɓa kayan mutum sai an tambaye shi."

"An ce mini mai shi ba ya magana."

"To sai ka jira ya koya."

Yaya ya yi ajiyar zuciya. "Ke dai ba kya jin magana. Jiya na gama wannan zance. Ni ne babba a gidan nan, kuma ba cutarsa nake nema ba."

"Na sani, Yaya, Allah ya saka. Jiya ka ce mutumin da ba ya takawa me zai yi da inji. Ni ban yi musu ba. Ka ɗan tsaya."

Daga cikin gida aka ji wani abu ya daki siminti, sannan jan ƙafa. Shiru. Ya sake bugawa, aka sake ja. Mai Keke ba ta waiwaya ba. Da asuba sun gwada, ya kai bakin ƙofar ɗaki ya zube, ta ɗaga shi, ya ce da hannu kar ta sake taɓa shi in baƙi sun zo. Ta yi masa alkawari. Yanzu kowane shiru sai ta ji kamar faɗuwar ce, tana ta salati a zuci.

Yaya ya yunƙura zai shiga.

"Kar ka je," ta ce. "Don Allah, Yaya. In ka kama shi ka gama da shi."

Ya tsaya.

Ƙafafun madogarin suka fara shigowa ta ƙofar ciki, sannan mutumin. Gumi ya jiƙa masa riga, hannun dama na karkarwa a kan ƙarfe, amma bayansa a miƙe yake, kansa a sama. Ya tura, ya ja. Ya tura, ya ja. Mai Faci da ke leƙe ta titi ya cire hula ya riƙe. Da Mai Ƙarfe ya iso injin, ya saki hannun hagu ya ɗora a kan dogon hannun, ya kalli yayansa.

"Na... wa," ya ce.

Dillali ya dubi Yaya, ya dubi Mai Keke, ya saɓa jakarsa. "Alhaji, in kun daidaita ka neme ni," ya ce, ya fice.

Yaya ya sa hannu a aljihu. Ya ciro hankici ya share fuska, har da ido, kamar gumi ne. Sannan ya zagaya madogarin yana dubawa.

"Wa ya yi wannan?"

"Shi ya yi lissafi, ni na ja," in ji Mai Keke.

"Ni kuma na yi dako," in ji Mai Faci daga waje.

"Taurin kai dai an haɗu," Yaya ya ce. "To motar fa? Na riga na ɗauko ta."

"Mai gashin ƙashi na son ganinsa. Ka kai mu, ka dawo da mu gida."

Yaya ya fita ya gaya wa direba ya matso da motar bakin ƙofa.

Mai Keke ta tashi, ta jawo benci bayan mijinta don ya zauna. Bai zauna ba. Yana kallon kwanar nan ta ƙarshe, wadda ba ta kai masa ba. Ya bi ta da yatsa, ya kwatanta da 'yar'uwarta, ya ɗago.

"Ta... wu... ce," ya ce.

"Ta wuce," ta amsa. "Na sani. Ga injinka nan, ran da ka ga dama ka gyara. Ni ina da rigunan mutane."

Ta cire tef daga wuyanta, ta rataya masa a kan madogarin, ta shiga ciki ɗauko masa takalmi.